Zuƙe ruwa daga ƙirji: yadda ake yi da inda matsala ke ɓullowa

Idan likita ya ɗaga hoton ƙirji ya nuna wani farin wuri da ya mamaye ƙasan gefe ɗaya, ya ce ruwa ne ya taru kuma sai an zuƙe shi, masu jinya kan rabu gida biyu. Wasu gabansu ya faɗi, suna ganin soka allura a ƙirji wasa da rai ne, har su fara shawarar a ɗauke marar lafiya a koma gida. Wasu kuma hankalinsu ya kwanta fiye da kima, suna cewa ai tunda ruwa ne, da an kwashe shi an rabu da ciwo. Kowane ɓangare akwai abin da ya kuɓuce masa. Aikin ƙarami ne a hannun wanda ya iya, sau da yawa ba ya kai rabin sa'a, kuma ba a sa mutum barci. Sai dai wurin da allurar ke shiga yana da maƙwabta masu haɗari, sannan ruwa ba ya tsami banza: akwai abin da ya tara shi, allura kuwa ba ta taɓa wannan abin.

A fara da gyara wata magana da ta zauna a bakin mutane, wato "ruwa ya shiga huhunsa". Abubuwa biyu ne daban ake haɗa su da suna ɗaya. Akwai ruwan da ke jiƙa naman huhu da kansa, ya cika ƙananan aljihunan da iska ke shiga. Wannan ba a kai masa allura, magani ake bayarwa jiki ya janye shi. Akwai kuma ruwan da ke taruwa a wajen huhu, tsakaninsa da bangon ƙirji, shi ne wanda ake zuƙewa, kuma a kansa za mu tsaya. Shi wannan ruwan daga jini yake tsattsafowa. Ba ruwan da mutum ya sha ba ne ya ɓace hanya, ba kuma ta hanci ya shiga ba.

Huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani mai santsi, bangon ƙirji ma daga ciki an shimfiɗe shi da irin wannan tantanin. Tsakanin su biyun akwai ɗan ruwa, mililita 10 zuwa 20, abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, wanda ke hana su gugar juna yayin numfashi. Ka jiƙa gilashi biyu ka haɗa su: za su yi ta zamewa a kan juna, amma ka yi ƙoƙarin ɓamɓare su ka ji yadda suka kama. Haka huhu yake manne da ƙirji. Shi huhu kullum so yake ya tsuke kamar balan-balan da aka saki, ƙirji kuma yana jan sa waje, saboda haka ƙarfin matsi a wannan ɗan tsakanin ya gaza na iskar da ke waje. Wanda ya riƙe wannan batu ɗaya ya fahimci rabin matsalolin da za su zo a gaba: duk ƙofar da aka buɗe zuwa wannan wuri, iska shiga take yi, ba ta fita da kanta.

Jiki yana zuba wannan ruwa kullum yana kuma kwashe shi ta wasu ƙananan magudanai. Taruwa na farawa ne idan zubowa ta fi kwashewa. Wani lokaci tantanin lafiyarsa ƙalau, matsalar daga nesa take: zuciya ta yi rauni jini ya yi cunkoso a jijiyoyi, ko hanta ta lalace, ko ƙoda na zubar da furotin ta fitsari har jini ya kasa riƙe ruwansa. Irin wannan ruwan tsinkakke ne, furotin ɗinsa kaɗan. Wani lokacin kuma tantanin ne da kansa ya kumbura ko cuta ta kama shi, kamar a nimoniya, tarin fuka, ko ciwon daji, musamman na huhu da na nono. Nan ruwan kan zo da furotin mai yawa da ƙwayoyin jiki. A 1972 wani likita Ba'amurke, Richard Light, ya fitar da ma'aunin da har yau ake raba waɗannan biyun da shi. Ana gwada furotin ɗin ruwan da na jinin mutum, idan na ruwan ya haura rabin na jini to tantanin ne ke da matsala, sannan a haɗa da awon wani sinadari da ke fita daga ƙwayoyin jiki da suka lalace. Ba ruwa kaɗai ke taruwa a nan ba. Mugunya na taruwa, jini na taruwa bayan haɗari ko sara, har da wani farin ruwa mai kama da madara idan babban magudanin da ke ɗauko kitse daga hanji ya fashe.

Ruwan kan daɗe yana taruwa ba a sani ba. Sai ya kai kimanin mililita 200 kafin ya fito a hoton ƙirji da aka ɗauka ta gaba, alhali gefe ɗaya na iya ɗaukar lita biyu, uku, ko fiye. Kafin zamanin hoto da yatsa ake gano shi. Leopold Auenbrugger, likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, shi ya bayyana dabarar ƙwanƙwasa ƙirji a 1761: inda iska take sai ka ji amo kamar ganga, inda ruwa yake sai ka ji dum, kamar ka bugi cinya. Likitoci na yin haka har gobe. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, hakin da mai wannan ruwa ke yi ba daga matsewar huhu kaɗai yake zuwa ba. Nauyin ruwan yana danne faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda ita ce injin numfashi, ya baje ta har ta kasa aikinta. Shi ya sa wani da an cire masa lita ɗaya sai ka ga ya sauke ajiyar zuciya, ko da huhun bai gama buɗewa ba.

Dalili biyu ke sa a kai allura. Ko dai a ɗebi kaɗan, kamar mililita 50, a kai ɗakin gwaji a san mene ne, ko kuma a kwashe mai yawa don mutum ya samu numfashi. Sau da yawa ana haɗa biyun a zama ɗaya. Akwai kuma inda barin sa ya fi: mai raunin zuciya da aka sani, ruwa a gefe biyu, babu zazzaɓi babu ciwon ƙirji, yawanci maganin sa fitsari ake fara ba shi, ruwan ya janye ba tare da an huda kowa ba.

Ga yadda abin yake a ɗakin. Marar lafiya na zaune a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa, an turo masa tebur da matashin kai ya kifa hannuwansa a kai, bayansa a buɗe. Wannan zaman yana buɗe tsakanin haƙarƙari, ruwan kuma ya gangara ƙasa ya taru wuri ɗaya. Likita ya shafa man sikanin ya ɗora na'urar a bayan, ya ga baƙin fili, wato ruwan, ya ga gefen huhu na lilo a cikinsa, ya ga inda tsokar numfashi take da abin da ke ƙarƙashinta. Ya sa alama, ya wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya rufe da tsaftataccen ƙyalle. Sai allurar kashe zafi, wadda ita ce ta fi yi wa yawancin mutane ciwo a duk aikin, domin tantanin bangon ƙirji yana da ji sosai. Za ka ji yana cewa, "Baba, za ka ji ɗan raɗaɗi yanzu, ka daure. Idan tari ya taso maka ka gaya mini kafin ka yi." Daga nan a shigar da allura mai ɗauke da siririyar roba, da ruwa ya bayyana a sirinji sai a tura robar a zare ƙarfen, don kada a bar tsini a kusa da huhun da ke shirin buɗewa. Ruwan ya fara gangarowa cikin jaka ko kwalba, yawanci rawaya-rawaya kamar fitsari, wani lokaci ja, wani lokaci gurɓatacce. Idan an gama sai a ce mutum ya yi gunji a hankali ko ya fitar da numfashi yayin da ake zare robar, don kada ya ja iska ta ramin. A manna filasta.

Matsalar da ta fi yawa cikin masu muhimmanci ita ce iska ta shiga inda ruwan ya bari, huhu ya saki bango ya tsuke. Hanya uku take bi, kuma bambanta su yana da amfani, don ba duka ke da haɗari iri ɗaya ba. Ta farko, tsinin allura ya taɓa huhu ya huda shi, iskar da mutum ke shaƙa ta riƙa tsiyaya ta ramin. Ta biyu, iskar waje ta kutsa ta cikin robar lokacin da ake canza sirinji ko aka bar bakinta a buɗe, wannan yawanci kaɗan ce kuma jiki na shanye ta cikin kwanaki. Ta uku ita ce mai ruɗa mutane. Huhun da ya daɗe a matse wani lokaci wani ɓawo mai tauri kan rufe shi, ko ƙari ya toshe hanyar iskarsa, ya zama ko an kwashe ruwan ba zai iya buɗewa ba. Sai a ɗauki hoto a ga fili babu ruwa babu huhu. 'Yan uwa su ce likita ya huda huhu, alhali ba a taɓa shi ba, dama can ya ƙi miƙewa ne, ruwan ne ya ɓoye hakan. Irin wannan ba kasafai yake buƙatar a sa bututu a ƙirji don fitar da iska ba, kuma ruwa kan dawo ya cike gurbin.

Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara sakamakon bincike 24 da suka ƙunshi aikin zuƙe ruwa da aka yi sama da sau 6,000, ya samu cewa iska ta shiga a kusan 6 cikin 100, kuma kimanin ɗaya cikin uku na waɗannan sai da aka sa musu bututu. Nazarin ya nuna haɗarin ya ragu sosai inda aka yi amfani da sikanin. Wani rahoto kuma na 2015 daga wani asibiti a Los Anjalis, inda ƙwararrun da wannan ne aikinsu kullum suka yi aikin sama da sau 9,000, ya samu ƙasa da 1 cikin 100. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce tazarar da ke tsakanin hannun da ya saba yana kuma gani, da hannun da ke lalube. A ganina babu tambayar da ta fi cancanta mai jinya ya yi kamar wannan: za a duba da sikanin a nan bakin gado kafin a soka? Na ce a bakin gado da gangan. Akwai al'adar tura marar lafiya ɗakin hoto a sa masa alama da biro a baya, a dawo da shi ɗaki, bayan sa'a biyu wani ya zo ya soka a kan alamar. Ruwa kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Mutum ya kwanta ya tashi, ya karkata, fata ta ja, alamar ta koma kan wani abu daban. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2010, ta ƙarfafa yin aikin da sikanin a lokacin da ake yin sa, ba ta kuma goyi bayan wannan sa alama a tafi ba sai ga ruwa mai yawan gaske.

Mafi munin nau'in shigar iska shi ne idan ramin huhu ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya: kowane numfashi na ƙara iska, babu mai fita. Iskar ta cika gefen, ta tura zuciya da manyan jijiyoyi zuwa ɗaya gefen, jini ya kasa dawowa zuciya. Mutum ya shiga haki mai tsanani, gumi ya keto masa, bugun zuciya ya yi sauri, awon jini ya faɗi. Wannan ba ya jiran hoto, nan take ake soka allura a saki iskar. Ba kasafai yake faruwa ba, amma waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi sun fi shiga haɗarinsa, domin na'urar tura iska take yi da ƙarfi.

Sai zubar jini. A ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai wani ɗan kwari da jijiyoyin jini biyu da jijiyar ji ɗaya ke bi, ƙashin na kāre su. Don haka ƙa'idar da ake fara koya wa ɗalibi ita ce ya bi ta saman haƙarƙarin ƙasa, ya goga ƙashin ma idan ta kama, kada ya kuskura ya bi ta ƙarƙashin na sama. Amma jijiyar ba kullum take zama inda littafi ya ajiye ta ba. Kusa da ƙashin baya takan fito fili a tsakiyar haƙarƙari biyu, a jikin tsofaffi kuma takan yi lanƙwashe-lanƙwashe ta sauko. Shi ya sa ake nisantar tsakiyar baya a matsa gefe. Abin da ke sa wannan zubar jinin ya zama mugu shi ne ba a ganin sa. Filasta a bushe, jini kuwa na zuba ciki, kuma ƙirji na da wurin da zai ɓoye lita biyu ko fiye. Alamarsa jiri, fari fat, bugun zuciya da sauri, da numfashin da ya yi sauƙi sannan ya sake tsananta bayan sa'o'i. Wanda ke shan maganin tsinka jini, irin su wafarin, ko mai ciwon hanta ko ƙoda da jininsa ba ya saurin daskarewa, dole likita ya sani tun kafin a fara. Kada kuma mutum ya dakatar da maganin da kansa don ya ji za a yi masa aiki, wani garin neman gira zai rasa ido. Likita ne zai auna ya ce a tsaya ko a ci gaba.

Maƙwabtan da na ambata a farko su ne hanta a dama da saifa a hagu, duka suna laɓe a ƙarƙashin tsokar numfashi, a bayan haƙarƙarin ƙasa. Mutane na ɗauka duk inda haƙarƙari yake ƙirji ne, alhali idan mutum ya fitar da numfashi tsokar kan hau har kusan daidai kan nono. Wanda ya soka ƙasa da yawa zai wuce ƙirji ya tsinci allurarsa a cikin cikin mutum. Hanta takan jure ƙaramin rami, saifa kuwa jini ne cike da ita, tana iya kai mutum ɗakin tiyata. Ƙa'idar tsofaffin malamai ita ce kada a sauka ƙasa da haƙarƙari na 9 ta baya, sikanin kuma ya zo ya mai da wannan kuskure abin da bai kamata a ƙara gani ba.

Akwai matsalar da ke zuwa daga kwaɗayin a kwashe duka. Mai jinya na ganin ruwa na zuba, jaka ta cika, likita ya rufe ya ce ya isa na yau. Sai ka ji ana cewa, "Likita, ai da sauran, a ƙarasa mana gaba ɗaya mu huta." Dalilin tsayawar shi ne huhun da ya kwana da kwanaki a matse, idan aka buɗe shi da gaggawa, ƙananan jijiyoyinsa kan yi yoyo, ruwa ya cika aljihunan iska. An kwashe na waje ke nan an jawo na ciki, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Yakan bayyana cikin sa'a ɗaya ko biyu, wani lokaci har zuwa kwana guda, da tari mai kumfa da faɗuwar iskar oksijin a jini. Bai kai 1 cikin 100 ba, kuma yawanci oksijin da sa ido sun wadatar, amma yana iya kisa. Don haka aka saba tsayawa a lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a zama guda. Gaskiya wannan adadin ba iyaka ce da aka yanke da wuƙa ba, akwai ƙwararrun da ke wuce ta lafiya idan mutum bai nuna damuwa ba. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne abin da marar lafiya ke ji. Ɗan tari yayin da huhu ke buɗewa ba komai ba ne. Amma idan ya ce ƙirjinsa ya ɗaure ta gaba, ko yana jin ana jan wani abu a ciki, ko tari ya ƙi tsayawa, to matsin ciki ya faɗi da yawa, a rufe ko da rabin lita aka samu. Shi ya sa jarumtar yin shiru ba ta da amfani a wannan kujera.

Ƙananan matsaloli kuwa suna da yawa amma ba sa daɗewa: ciwo a wurin na kwana ɗaya ko biyu, ciwon kafaɗa idan an taɓa kusa da tsokar numfashi, jiri ko suma saboda tsoro da zafi, ɗan yoyon ruwa ta ramin, ko a soka a rasa ruwan gaba ɗaya. Shigar ƙwayar cuta ta allura ba ta da yawa idan an kiyaye tsafta, sai dai haɗarin na ƙaruwa ga wanda ake ta maimaita masa.

Idan abin da ya taru mugunya ce, ko jini, ko iska mai yawa, allurar zama ɗaya ba ta isa, sai a sa bututu a bar shi kwanaki. Ana sa shi ta gefe, ƙasa da hammata, a wani fili da ke tsakanin tsokar ƙirji ta gaba da tsokar baya, sama da layin kan nono, a ɗinke shi da fata. Ɗaya bakin yana shiga kwalba mai ruwa, a nutse kimanin santimita 2. Dabara ce mai sauƙi: iska da ruwa na iya fitowa su yi kumfa su wuce, amma ruwan kwalbar ya hana iskar waje komawa. Gotthard Bülau, likita a Hambag ta Jamus, ya yi amfani da ita tun 1875, amma duniya ba ta ɗauki darasin da gaske ba sai da aka yi asarar rayuka. A lokacin annobar mura ta 1918, sojojin Amurka da yawa sun kamu da mugunyar ƙirji bayan nimoniya. Abin da aka saba a lokacin shi ne a yanke ɗan haƙarƙari da wuri a bar rami a buɗe mugunya ta fita. Iska ta riƙa shiga, huhun da dama ciwo ya ci shi ya rufta, kusan 30 cikin 100 suna mutuwa, a wasu sansanonin ma fiye da haka nesa. Kwamitin da rundunar ta kafa, wanda likita Evarts Graham ke ciki, ya gano cewa buɗe ƙirjin da wuri ne ke kashe su. Aka koma zuƙewa da allura ba tare da barin iska ta shiga ba, a jinkirta yanka har mugunyar ta yi kauri ta killace kanta, a kuma kula da ciyar da marasa lafiya. Mace-macen suka sauko ƙasa da 5 cikin 100.

Bututu ya fi allura haɗari, ba kuma a da kaɗai ba. A 2008 hukumar kula da lafiyar marasa lafiya a asibitocin Birtaniya ta fitar da gargaɗi bayan samun rahoton mutuwar mutum 12 da mummunan rauni ga wasu 15 cikin kimanin shekara uku, sanadiyyar sa bututun ƙirji. Cikin dalilan akwai rashin ƙwarewar mai sawa, rashin mai sa masa ido, da zaɓen wurin da bai dace ba. Bayan an sa shi lafiya ma aiki bai ƙare ba. Yana toshewa, yana lanƙwashewa a ƙarƙashin mai barci, yana zamewa har ramukansa su fito waje, iska ta shiga ƙarƙashin fata, ka taɓa wuya ko ƙirji ka ji yana ƙaras-ƙaras.

A nan masu jinya ke da hannu kai tsaye. Na taɓa ganin wani matashi da ke jinyar mahaifinsa, za a tura tsohon ɗakin hoto a keken marasa lafiya, sai ya ɗauki kwalbar daga ƙasa ya ɗora masa a cinya, daga baya ma ya ɗaga ta sama don kada ta bugi ƙofa. Wata nas ta hango shi daga nesa ta ɗaga murya: "Ɗan'uwa, sauke ta ƙasa! Sauke ta!" Shi a ransa taimako yake yi. Kwalbar da ta haura ƙirji ruwanta komawa ciki yake yi, da duk dattin da ke cikinta. Idan ta faɗi ta karkata kuma, bakin bututun ya fita daga ruwa, iska ta samu hanya. Haka nan ba a matse bututun da ke fitar da kumfa, domin kumfar na nufin huhu na yoyon iska, idan aka toshe mata hanya za ta taru ta danne zuciya. Ruwan da ke cikin bututun yana hawa yana sauka tare da numfashi, alama ce yana aiki. Idan ya tsaya cik, ko dai huhu ya gama buɗewa ko bututun ya toshe, ma'aikata ne za su bambanta. Idan kuwa ya fita gaba ɗaya, a danne ramin da tsaftataccen ƙyalle a kira su nan take, kada a yi ƙoƙarin mayar da shi.

Ko ruwan zai dawo? Wannan ya rataya ne ga abin da ya kawo shi. Na nimoniya yakan tafi idan cutar ta warke, muddin ba a yi jinkiri ba. Jinkiri a nan yana da tsada: ruwan da yau yake tsinkakke, cikin kwanaki zai fara saƙa zaruruwa ya rabu ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, bututu ya kwashe ɗaki ɗaya ya bar saura, bayan makonni kuma ɓawo ya ɗaure huhun sai tiyata. Shi ya sa ake auna tsamin ruwan, idan ma'aunin ya faɗi ƙasa da 7.2, wato ruwan ya yi tsami da yawa, a sa bututu ba tare da jiran ya zama mugunya ƙuru-ƙuru ba. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2011 ya nuna cewa zuba magunguna biyu tare ta cikin bututun, ɗaya mai narkar da zaruruwan ɗaya mai tsinka kaurin mugunya, yana taimaka wa ruwan fita ya kuma rage masu buƙatar tiyata. Na tarin fuka maganin wata shida ne ke kawar da shi. Na ciwon daji kuwa yawanci dawowa yake yi, sau da yawa cikin wata guda, don haka maimakon a yi ta soka mutum, akan zuba wani gari na musamman da zai sa tantanin biyu su manne a rasa wurin taruwa, ko a sa siririn bututu na dindindin a ƙarƙashin fata wanda ake buɗewa a gida lokaci-lokaci. Na ciwon hanta shi ne likitoci suka fi gudun sa masa bututu, domin daga ciki yake hawowa, ana kwashewa yana cikowa, mutum ya yi ta asarar furotin da gishirin jiki har ƙoda ta shiga matsala.

Wanda aka zuƙe wa ruwa aka sallame shi a ranar, kwana ɗaya zuwa biyu na farko su ne na sa ido. Numfashi da ke ƙara wuya maimakon sauƙi, ciwon ƙirji mai suka idan an ja numfashi, tari da jini ko kumfa, jiri, ko zazzaɓi daga baya, kowanne dalili ne na komawa asibiti a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Wanda iska ta shiga ƙirjinsa kada ya hau jirgin sama sai hoto ya tabbatar ta tafi an kuma ƙara aƙalla mako guda, saboda iskar da ke kulle tana faɗaɗa idan an yi sama.

Sannan a koma a karɓi sakamakon gwaji, don mutane da yawa da sun ji numfashi ya dawo ba a sake ganin su. A kuma shirya wa yiwuwar sakamakon farko ya zo babu amsa. A ruwan da ciwon daji ya kawo, gwajin farko na gano ƙwayoyin dajin ne a kimanin 6 cikin 10 kawai. A na tarin fuka kuwa da wuya a ga ƙwayar cutar a madubin gwaji, ƙasa da 1 cikin 10, domin a jikin tantanin take zaune, ruwan martanin jiki ne kawai. Saboda haka idan likita ya ce za a sake ɗiba, ko za a shiga da 'yar kyamara a yanko ɗan tantanin a duba, ba lallai ne na farko ya yi kuskure ba. Sau da yawa sai an kai ga naman tantanin kafin a san sunan ciwon.